Maganin farfaɗiya, kumburin dasashi, da watanni 14 da muka yi muna gyara

Takardar da aka miƙo mini a ɗakin jiran likitan haƙori tana ɗauke da wata tambaya da na daɗe ina kallo: ko akwai cutar da nake shan magani a kanta kullum. Na sa biro na rubuta babu. A lokacin kuwa shekarata 9 ina haɗiyar fenitoyin kowane dare saboda farfaɗiya. A raina na ce ina ruwan haƙori da ƙwaƙwalwa, jinin dasashi ne ya kawo ni, a duba a sallame ni. Amma a ƙasan wannan tunani kunya ce. Na sha ganin yadda fuskar mutum ke sauyawa da zarar na ambaci sunan ciwon, har na saba da yin shiru.

Likitan ya leƙa bakina, ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga dasashin, ya rubuta mini metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Ban kai ƙarshen maganin ba jiri ya fara ɗibata. Ina tafiya ina tangaɗi, in na kalli ƙofa sai in ga ta zama biyu, harshena ya yi nauyi. Na ɗauka farfaɗiyar ce ta sake salo, sai na koma wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke duba ni. Ya sa aka auna jinina, aka tarar fenitoyin ya taru ya wuce ƙima. Tambayarsa ta farko ita ce, “Malama, me kika sha bayan maganinki?” Da na faɗa masa, ya yi mini bayani cewa hanta ce ke narkar da fenitoyin, kuma akwai magungunan da in sun shigo sukan rage mata hanzari, sai ya tsaya a jini. Shi kuma magani ne da tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da adadin da ke cutarwa ’yar kaɗan ce. Ban ga laifin likitan haƙorin ba ko kaɗan, da abin da na rubuta masa ya yi aiki.

A ranar likitana ya yanki ɗan kati ya rubuta sunan maganina, adadinsa, da lokacin shansa. Ya ce, “Duk wanda zai rubuta miki magani, ko da farasitamol ne, ki fara nuna masa wannan.” Ya lissafa mini wasu da ake yawan bayarwa saboda matsalar baki. Fulukonazol da mikonazol, da ake ba mai farin kumfa a harshe, suna ɗaga fenitoyin a jini. Eritromaisin da kilaritromaisin suna yi wa kabamazefin, wani maganin farfaɗiyar, haka. Taramadol kuma, da wasu ke nema saboda zafin haƙori, shi da kansa yana iya tayar da farfaɗiya. Sannan ya ce in buɗe baki ya gani, abin da ban taɓa yarda na yi a gabansa ba.

Bari in faɗi yadda bakin yake a lokacin. Watanni kaɗan da fara shan fenitoyin, ɗan naman nan mai tsini da ke tsakanin haƙori da haƙori ya fara kumbura. Ba ya zafi. Ya yi ta girma a hankali, yana tauri, har kumburin wannan gefe ya haɗu da na wancan ya hau kan haƙoran gaba, na ƙasa sun nutse kusan rabi. In na sa buroshi jini ya zubo, sai na riƙa lallaɓa wurin, wani lokaci in tsallake shi gaba ɗaya. Ashe wannan lallaɓawar ita ke ƙara wa wutar itace, don dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori shi ke hura kumburin. Ga wari da ni kaina nake ji. Ga haƙorin gaba na sama da ya gutsure tun farkon ciwon, ya yi duhu. Na koyi dariya da tafin hannu a baki, na koyi magana ba tare da ɗaga leɓe ba.

Likitana ya ce wannan tsohon labari ne a wurinsu. A 1938 likitoci biyu a Amurka, Merritt da Putnam, suka nuna cewa fenitoyin yana hana farfaɗiya, a 1939 kuma aka fara ba da rahoton yana kumbura dasashi. Kusan rabin masu shansa na dogon lokaci sukan gamu da hakan, wasu kaɗan, wasu sosai. Na yi shekara 9 ina zaton wata ƙazanta ce tawa ni kaɗai. Ya tura ni wurin wata likitar haƙori da ta saba da masu irin larurata.

Zuwana na farko ba ta taɓa ni da ƙarfe ko ɗaya ba sai ɗan madubi. Ta duba ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Malama, ina katin maganinki?” Daga nan tambayoyi ne kusan rabin awa. Yaushe ciwon ya tashi na ƙarshe? Yakan kayar da ni ne in fita hayyacina, ko ɗauke hankali ne na ɗan lokaci? Minti nawa yake yi? Me ke tayar da shi? Ina jin wata alama kafin ya zo? Na gaya mata shekara 2 ke nan bai tashi ba, rashin barci ne babban abin da ke jawo mini shi, kuma kafin ya zo nakan ji wani abu yana taso mini daga ciki zuwa ƙirji, da ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Ta rubuta komai. Wannan ne karo na farko da wani ya tambaye ni game da farfaɗiyata kamar yadda ake tambayar mai hawan jini, ba tausayi mai nauyi, ba ja da baya.

Ta tsara aikin bi da bi: a fara da wankin haƙori da koyon goge baki, a nemi shawarar likitana ko za a iya sauya magani, a jira a ga iya inda dasashin zai janye, sai a yanke abin da ya rage, haƙorin da ya gutsure kuma shi ne ƙarshe. Ni kuwa yankan nake so a fara da shi. Na ce, “Likita, ba za a yanke kawai in huta ba?” Ta ce in aka yanke alhali ina kan maganin kuma dattin yana nan, naman zai sake tsirowa, in sha wahalar banza. Ta rubuta wasiƙa ta ba ni in kai wa likitana. Wasiƙa ta je, amsa ta dawo, wata ta sake zuwa, mako 3 suka tafi a haka. Na ji haushin jiran a lokacin. Yanzu in aka tambaye ni mene ne ya fi amfani a duk aikin, wasiƙun nan zan nuna, don su suka sa likitocin biyu suka daina duba ni rabi-rabi.

Zaman da muka yi da likitana kan sauya magani ya fi kowanne nauyi. Fenitoyin ya riƙe ni shekara 2 lafiya lau, taɓa shi kasada ne. Na furta masa cewa sau da yawa na yi tunanin in daina sha da kaina ko bakina zai dawo. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, ɗaya na bin ɗaya, kuma ana mutuwa a haka. Ina roƙon duk mai karanta wannan da dasashinsa ya kumbura, kada ya rage ko rabin ƙwaya sai da likitansa.

Muka bi magungunan ɗaya bayan ɗaya. Balfurowet yana aiki sosai, amma ya cire shi daga lissafi saboda ina da niyyar haihuwa, kuma an san yana illa ga jaririn da ke ciki. Ya ƙara da cewa yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa mai shansa ake auna jininsa kafin a cire masa haƙori. Kabamazefin yakan busar da baki ga wasu, ga yawan karo da wasu magunguna. Muka tsaya a kan lebetirasitam, wanda ba a san shi da kumbura dasashi ba kuma ba ya yawan karo da sauran magunguna, sai dai yakan kawo barci da saurin fushi. Na ga duka biyun a makonnin farko, mutanen gida ma sun gani. An shigo da sabon a hankali, aka riƙa janye tsohon kaɗan-kaɗan, kusan wata 2. Wannan zaɓi ya dace da irin tawa farfaɗiyar ne. Akwai waɗanda fenitoyin ɗin shi kaɗai ke riƙe su, su kam sai dai a dage da tsafta da yawan wanki.

Wankin haƙorin an raba shi zama 4, kowane zama kusurwa ɗaya ta baki. Likitar haƙorin ta kafa mini sharuɗɗa, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. In zo da safe kafin gajiya, in sha maganina a kan lokaci, kada in zo da yunwa, in yi barci isasshe, kuma in zo da wani babba da zai mayar da ni gida. Yayana ne ya ɗauki wannan nauyi. In na hau kujera takan ba ni baƙin tabarau saboda fitilar nan da ke haska fuska. Masu farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayar musu da ciwo kusan 3 ne cikin 100, ba na cikinsu, amma ta ce ba a rasa komai da saka shi. Allurar kashe zafi ce na fi tsoro, don na taɓa jin cewa tana tayar da ciwon. Ta ce lidokin, maganin da ke cikin allurar, a adadin da ake yi wa haƙori ba shi da matsala, zafi da fargaba su suka fi haɗari. Ta sa mini wata ’yar roba tsakanin haƙoran tauna don baki ya zauna a buɗe, an ɗaura mata zare yana lilo a gefen leɓena, yadda za a fizgo ta da ja ɗaya. Muka yi alkawari: in na ji alamar nan, in ɗaga hannun hagu.

Zama na 1 da na 2 sun wuce lafiya. Na 3 ya faɗo a tsakiyar sauyin magani, kuma daren ranar ban runtsa ba sai gab da asuba. Da ta tambaye ni ko na yi barci, na ce eh, don ba na son a ɗaga zaman. Ba a yi minti 15 da farawa ba na ji abin ya taso daga cikina, ɗanɗanon ƙarfe ya cika mini baki. Na ɗaga hannu. Abin da na ji na ƙarshe shi ne ƙarar ƙarfe da aka jefa a faranti.

Sauran labarin daga bakin Yaya na ji shi. Ya ce kafin ya ƙaraso daga bakin ƙofa, ta riga ta zare robar da duk abin da ke bakina, ta ture teburin kayan aiki gefe, ta saukar da kujerar ƙasa ta miƙar da ita. Mataimakiyarta ta tallafe kaina, idonta a kan agogon bango. Ba wanda ya danne ni. Shi kuwa ya laluba aljihu ya zaro biro zai cusa mini tsakanin haƙora, sai ta tare hannunsa ta ce, “Malam, bar ta. Kada ka sa mata komai a baki.” Ya ce mata za ta haɗiye harshenta. Ta ce, “Ba a haɗiye harshe. Agogo za ka duba.” Minti 1 da daƙiƙa 40 jijjigar ta lafa. Suka juya ni na kwanta ta gefe, ta zuƙe yawun da ya taru da ’yar na’urarsu, ta goge mini baki. Ta gaya masa cewa da abin ya kai minti 5, akwai midazolam, maganin tsayar da jijjiga, da za ta zuba mini a cikin kunci, kuma za su kira agajin gaggawa.

Da na farfaɗo na tarar da Yaya zaune a ƙasa kusa da kujerar, idanunsa sun yi ja. Haƙorina na gaba da ya gutsure, cokalin da ya cusa mini ne a faɗuwata ta biyu, ina da shekara 19. Mun san haka mu biyu, ba mu taɓa zancen ba. Ya yi ne don ceto na, abin da ya ji ana faɗa ya aikata. Ranar ya ce, “Ki yafe mini, ban sani ba.” Na ce, “Yaya, ba ka yi mini komai ba sai alheri.” Likitar ta zaunar da shi ta koya masa abin yi: ya kawar da abin da zai ji mini ciwo, ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kaina, ya sassauta abin da ya matse wuya, ya ƙirga lokaci, ya juya ni gefe in jijjigar ta tsaya, kada ya ba ni ruwa sai na dawo hayyacina sarai. Ta kuma ce masa yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwon, domin ba cuta ce da ake ɗauka ba, wutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da ita ce ke rikicewa na ɗan lokaci. Ni kuma ta juyo gare ni a hankali ta ce, “Gobe in ba ki yi barci ba, ki faɗa mini. Ɗaga zama ba komai ba ne.” Na ji nauyin maganar, don karo na biyu ke nan ɓoyo ya kai ni ƙasa.

An dakatar da aiki mako 6. Likitana ya gyara adadin sabon maganin, kuma alhamdu lillahi tun daga ranar ciwon bai sake tashi ba. Da na koma masa a karye, ina cewa na gaji, ya tuna mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kuma kusan 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suka riƙe shi.

Babban aikin a gida aka yi shi, gaban madubi. Buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, a karkata shi ya shiga daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, minti 2 safe da dare, da man goge baki mai fulorayid. Sai wani ɗan siririn buroshi da ake zurawa tsakanin haƙora. Likitar haƙorin ta ce jini zai zuba, kada in fasa, wurin da ke jinin shi ya fi buƙatar gugar. Kwana 10 na farko sai da na riƙa rufe ido in zan tofar. Daga nan jinin ya fara raguwa, warin ya tafi. Ta ba ni ruwan kurkure baki na kulohezidin na mako 2 kacal, don in aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora.

Ana cikin wannan jira ne abin da na koya ya yi wa kawuna amfani. Ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, yana shan wafarin don kada jini ya sake daskarewa ya toshe masa jijiyar ƙwaƙwalwa, ga haƙorin tauna ya ruɓe. Wasu a gida suka ce a tsayar masa da maganin kwana kaɗan kafin cirewa, kada jini ya ƙi tsayawa. Na ce a tambayi likitocinsa tukuna. Ba a tsayar ba. An auna saurin daskarewar jininsa ana gobe aiki, aka ga yana cikin iyaka, aka cire, aka ɗinke, ya ciji auduga. A nan ne ma aka nuna wa matarsa yadda abinci ke taruwa a cikin kuncin ɓangaren da ya shanye ba tare da ya ji ba, shi ya ruɓar da haƙorin. A ɗakin jira kuma na saba haɗuwa da wani dattijo mai cutar Parkinson, hannunsa na karkarwa a kan gwiwa. ’Yarsa ta ce kullum ana ba su lokaci kamar awa ɗaya bayan ya sha maganinsa, lebodofa, sa’ad da jikinsa ya fi sakewa. Ba a kwantar da kujerarsa sosai saboda haɗiya na ba shi wuya, kuma a hankali ake tayar da shi don jininsa kan faɗi in ya miƙe da sauri. Buroshi mai batir suka saya masa, mai kaurin mariƙi.

Dasashina ya riƙa janyewa kamar ba ya yi. Hotunan da likitar haƙorin ke ɗauka kowane zuwa su suka nuna mini bambancin. Wata 8 bayan ƙwayar fenitoyin ta ƙarshe, haƙoran baya sun fito fes, na sama ma sun yi kyau, sai na gaba a ƙasa da naman ya riga ya yi tauri ya ƙi motsi. Shi aka yanke. An sake auna jinina, an yi allura, aikin bai kai awa ɗaya ba, aka shafe wurin da wani abu mai kama da danƙo ya zauna mako guda. Farasitamol kawai na sha. Ranar da aka ɓare danƙon ta miƙo mini madubi, na ga tsawon haƙorana na ƙasa da rabona da gani tun ina budurwa. Na kasa magana, na dai yi ta kallo.

Haƙorin gaba ya zo ƙarshe. Hoto ya nuna saiwarsa na da ƙarfi, jijiyar ciki ce ta mutu, shi ya sa ya yi duhu. Aka kwashe ta, aka cike ramin, aka sa masa hula mai launin sauran. Ta ce ko da cirewa ta kama, ba za ta so ta ba ni haƙorin roba na cirewa da mayarwa ba, domin in ciwon ya tashi yana iya karyewa ko ya zame ya faɗa hanyar numfashi. Ga mai farfaɗiya an fi son abin da aka kafe.

Yanzu duk wata 3 nake zuwa a duba a wanke. Akwai wuri ɗaya tsakanin haƙora biyu na ƙasa da har yau in na yi kwana 2 ban zura masa ɗan siririn buroshin ba sai ya yi ja ya ɗan tasa. Zuwana na gaba wata mai kamawa ne, kuma akwai sabuwar wasiƙa a jakata da zan kai mata daga likitana, don mun fara maganar ɗaukar ciki, yana so ta gama duk abin da ya rage a bakina kafin lokacin.